Filin Gyaran Na'ura: Firintarmu ta rubuta 07,010.43 ta tsaya

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan firinta iri ɗaya suke, wadda ake loda wa tawada dunƙule-dunƙule ta narkar da ita da kanta. Ba ta da yawa a Sakkwato, amma inda take tana ba masu ita ciwon kai.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wata makaranta mai zaman kanta a Mabera. Muna da firinta Xerox Phaser 8560. Satin da ya wuce munka sauya ofis daga ƙasa zuwa bene. Ina gama buga takardun jarrabawa sai yara sunka ɗauke ta sunka hau da ita. Da munka kunna washegari, ta yi ta ƙara ƙaƙas-ƙaƙas, ta rubuta 07,010.43 da wasu lambobi a bayan ɗigo biyu, ta tsaya. Mai gyara ya zo ya ce kan firintar ne ya mutu, wato sashen da ke fesa tawada, a kawo kuɗin sabo. Shugaban makaranta kuma yana ganin laifina ne. Mi wannan lambar ke nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ku riƙe kuɗinku tukuna. Lambar da kika turo ba ta ce kai ya mutu ba, kuma duk mai gyaran da ya yanke wannan hukunci bai buɗe gefen injin ya leƙa ba, to cinikinsa yake nema.

Bari mu karanta lambar tare, don ba a jefa ta haka kawai ba. Lambobi biyun farko, kafin waƙafi, suna faɗin sashen da aikin ya tsaya. A firintocin Phaser na wannan zuri'a, wato 8400 da 8500 da 8550 da 8560, lamba 05 ta diram ce, wato gangar da hoto ke fara sauka a jikinta kafin takarda, da motar lantarkin da ke juya shi, 06 ta motar da ke gusar da kai gefe zuwa gefe, 07 ta akwatin giyoyin da ke kishingiɗar da kai da tayar da shi, 08 ta robar da ke share fuskar kai, 09 ta wurin loda tawada, 13 ta zafi, 37 kuma ta gwajin da injin ke yi wa kansa idan an kunna shi. Lambobi ukun da ke biye su ne ke nuna takamaiman abin da ya faru a cikin sashen. Bayan ɗigo, idan kika ga 4, to ƙarfe ne ko waya ko mota ke da matsala. Idan 6 ce, manhajar injin ce ta ruɗe, kuma sau da yawa kashewa da kunnawa na warware ta. Lambar ƙarshe ta tantancewa ce, ba ruwanki da ita. Dogon lissafin da ke bayan ɗigo biyu kuwa adadin shafukan da firintar ta buga ne zuwa lokacin da abin ya faru, shi ya sa naki ba zai zo daidai da na wani ba.

Saboda haka abin da firintarki ke cewa shi ne: na yi ƙoƙarin motsa kai, ya ƙi zuwa inda ya kamata. Ba ta san dalili ba. Ita dai ta ga mota ta ja, abu bai motsa ba, sai ta tsaya kafin ta karya wani abu. Gano dalilin aikin mai gyara ne, kuma a wasiƙarki kin riga kin ba shi amsa.

Tawadar wannan inji dangin kakin kyandir ce. Dunƙulen yana gangarowa ya taɓa wani faranti mai zafi, ya narke, ya ɗiga cikin ma'ajiyar da ke jikin kai, launi huɗu kowane da ɗakinsa: baƙi, rawaya, shuɗi-shuɗi da ja-ja. Kan yana zama da zafin da ya kai wajen digiri 140, yana fesa tawadar ta ƙananan huji 1,236 a kan diram na alminiyam da aka shafa wa mai, daga nan wata rola ta danne takarda a jikin diram hoton ya koma kanta. Ma'ajiyar nan ba rufe take ruf ba, tunda ta sama tawada ke shiga. Lokacin da yaran suka ɗauke ta kina gama bugu, tawadar ruwa ce tsundum. Daidai yake da a ɗora wa mutum ƙwaryar narkakken man shanu a bayan kabu-kabu a ce ya bi hanyar gargada. Firinta mai nauyin kilo 28 a hannun yara a kan matakala dole ta karkata. Tawada ta zubo ta bi ƙarƙashin kai, ta sauka a kan giyar da ke kishingiɗar da shi, ta kwana a nan ta daskare. Ƙarar da kika ji da safe haƙoran giya ne ke tsallake juna.

Ga abin da za ki sa ido a kai idan mai gyara ya dawo, ko wani daban. A cire fulogi, a bar ta ta huce sarai. Ya cire murfin sama da na gefe, ya haska tocila ƙarƙashin kan. Idan zancena gaskiya ne za ku ga wani daskararren abu mai duhu, launuka sun cakuɗe sun koma kamar baƙi-baƙi mai ratsin kore, ya cike tsakanin haƙoran giya, wani lokaci har ya yi zare-zare ya sauko zuwa ƙasan injin. A ɓamɓare shi da abin roba ko tsinken itace, wanda ya ƙi fita a tausasa shi da iska mai ɗumi ta abin busar da gashi. Kada a kusanto da wuta, kada a sa sukuddireba a kan giyar roba. Bayan an share, ya duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya. In akwai wanda ya gutsure, giyar ce za a canza, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin kai ba. Sai abin da yawancin masu gyara ke tuntuɓe a kai: giyoyin nan suna da saiti, akwai alamomin da dole su yi daidai da juna kafin a mayar. Wanda ya mayar da su yadda ya ga dama zai kunna ya sake ganin 07, ya ce ai dama na faɗa muku kai ne.

Idan ta tashi, kada ki tsorata in rawaya ta fito da datti-datti a shafukan farko. Karkatar da ta yi na iya sa launi ya tsallaka ɗakin ɗan'uwansa, kuma rawaya ce ta fi nuna shi. Yana wankewa da bugu da sharewa.

Batun laifi kuwa, ki nuna wa shugaban makaranta wannan shafi. Ba kowa ya san firinta na da ƙa'idar ɗauka ba. Ƙa'idar ita ce, idan aka danna makunnin kashewa, allon zai kawo zaɓi, a zaɓi Shutdown for Moving Printer. Fanka za ta yi ta hurawa har tawada ta daskare, kai ya koma mazauninsa ya kulle, abin da ke cin kamar minti 30. Sai a zare tiren sharar tawada da rolar mai, wato wadda ke shafa wa diram mai, mutum biyu su ɗauka a miƙe. Ko daga wannan tebur zuwa wancan ne, haka za a yi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da shagon buga takardu nan Dandima, ɗalibbai ne mafi yawan masu zo mani. Phaser 8550 gare ni, na saye ta na hannu. Matsalata biyu. In anka ɗauke wuta na tada janareta, wani lokaci tana nuna lamba mai farawa da 37, wani lokaci 13, in na kashe na kunna sai ta wuce. Ta biyu, tawada na ƙarewa ba tare da na yi aikin kirki ba, tiren sharar tawada kullum cike. Wani abokina ya ce in narke ta cikin tiren in zuba a mazubi in mayar. Shin ana haka?

Amsa: Ɗan'uwa, na fara da ta ƙarshe don ita ce mai haɗari: ba a haka. Abin da ke cikin tiren nan launi huɗu ne a cakuɗe, da ƙura da burbushin takarda. Ka mayar da shi ciki, ka toshe hujin da ido ma ba ya gani sosai, kuma a ranar ne za ka sayi kan da ba ka da kuɗinsa. Kamfanin da kansa ya hana a littafin da ke zuwa da injin.

Sai ƙorafina a kanka. Ka ce lamba mai farawa da 37, mai farawa da 13. Sauran fa? Waya na hannunka, ɗauki hoton allon kafin ka kashe. Rabin lamba unguwa kawai take nuna mini, ba ta kai ni ƙofar gida ba. A cikin Troubleshooting akwai Service Tools, inda ake buga shafin da ke nuna halin da injin ke ciki da matsalolin da ya yi a baya. Buga shi ka ajiye. Adadin shafukan da ke bayan kowace lamba zai nuna maka ko abin na zuwa a jere ne ko jefi-jefi.

Duk da haka zan iya faɗa maka inda nake zato. Da zarar an kunna, injin yana bin sassansa ɗaya-ɗaya, hita da mota da fanka, ya ba kowane wuta ya ga ko ya ja gwargwadon da ake tsammani. Wanda bai ja daidai ba, sai ya rubuta 37. Waya ce ta saki ko hita ta ƙone, haka zai rubuta. Amma in wutar da ke shigowa ita kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba, awon na iya fita ba daidai ba alhali sashen lafiyarsa lau. Alamar da ke raba su ita ce wadda ka faɗa da bakinka: a kan janareta take yi, kuma tana wucewa. Hitar da ta ƙone ba ta warkewa don an kashe an kunna. Lokacin ɗumama, injin nan na jan sama da wat 1,000. Ka haɗa shi da hotokwafi da abin laminatin da fankoki a kan ƙaramin janareta, da kunnenka za ka ji janaretan ya yi nishi. Ka ba shi soket nasa shi kaɗai, ba ta doguwar waya mai baki huɗu ba, ka sa sitabilaiza mai ƙarfin da ya fi abin da yake ja, ka bar janareta ya daidaita kafin ka kunna shi. Ƙaramin UPS na kwamfuta, akwatin batirin nan da ke riƙe wuta in an ɗauke, ba zai ɗauke shi ba, kada ka wahalar da batir.

Lamba 13 tana da fuska uku: wani wuri ya yi zafi fiye da kima, ko ya daɗe bai kai zafin da ake so ba, ko sensar da ke auna zafin ta daina magana. Jinkirin ɗumama na tafiya da raunin wuta, wato maganarmu ta sama. Zafi fiye da kima kuwa namu ne na gida. An ƙera injin ya yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 32 ba. Kai ka san yadda shago mai rufin kwano yake a Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, lokacin da waje ma ke haura 40. Mutane na cewa ai injin da ke narka tawada ba ya tsoron zafi. Kai ne ke son zafi. Diram yana da nasa ma'aunin, wajen digiri 60, kuma fanka ce ke riƙe shi a nan, haka allon lantarkin ciki. Hunturu ya gama cusa ƙura a ragar fankokin, bazara ta zo ta same su a toshe. Na sha buɗe gefen irin wannan inji in tarar da ƙura ta yi kauri a kan raga har ana ɗaga ta da yatsa a dunƙule. Ka janye shi daga jikin bango, ka share ragar da burushi mai laushi bayan ka cire fulogi, ka daina ɗora rim ɗin takarda a gefen da iska ke fita. Kuma kada ka lulluɓe shi da ƙyalle yana kunne.

Ƙarewar tawada ba ɓarna ba ce ta wani sashe, halin injin ne. Duk lokacin da tawadar cikin kai ta daskare ta sake narkewa, iska na shiga hujojin. Don fitar da ita sai injin ya tura tawada da ƙarfi ta fito ta fuskar kai, roba ta share ta zuba a tire, sannan ya buga shafin nan mai ratsin launuka. Daga sanyi zuwa shirin bugu kusan kwata na awa ne. An yi shi ne don ofishin da ba a kashe shi dare da rana, ya yi barci da ɗuminsa. A shagonka kowace ɗaukewar wuta mai tsawo sabon wanki ne, kuma kai ke biya. Dabarar da ta rage maka biyu ce. In wuta ta tafi yana kunne, ka yi saurin tayar da janareta kafin tawada ta daskare, don in da sauran zafinta ba ya sake wankin. In kuwa ka san ranar ba ta wuta ba ce, tara aikin kala wuri ɗaya, ka kunna sau ɗaya ka buge shi duka. Shafi biyu na ɗalibi ɗaya bai isa a tayar da wannan inji ba, ba shi a ƙaramar firintar leza.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Tambuwal nake rubutowa. ColorQube 8570 ce a ofishinmu. Ba ta nuna wata lamba ba, amma farin layi siriri na fitowa a tsawon kowane shafi, a cikin shuɗi kawai. Mun sauya tawada zuwa wata mai araha watanni kaɗan da suka wuce. Wani ya ce a buɗe a sosa fuskar kan da allura a goge da fetur.

Amsa: Alhaji, ka raba wannan mutumin da injin. Allura na taɓa fuskar kai an gama.

Farin layi a launi ɗaya huji ne ya toshe ko iska ta shige shi, kuma injin ba ya ganin abin da ya buga, shi ya sa bai ba ka lamba ba. Maganin na cikin allonsa. Shiga Troubleshooting, sai Print Quality Problems, sai Eliminate Light Stripes. Fara da Basic. In layin bai tafi ba, Advanced zai tambaye ka launi da lambar hujin, waɗanda za ka karanta a shafin gwajin da ya buga, inda za ka ga gurbin da ya ɓace a jerin. Kada ka yi ta maimaitawa ba iyaka, kowane zagaye tawada yake ci. In ya ƙi, akwai Jet Substitution, inda hujin maƙwabci ke ɗaukar aikin wanda ya toshe. Bugu zai ɗan rage sauri, amma layin zai ɓace, kuma ofis na iya shekara a haka.

Tawada mai araha ita nake zargi, ko da yake ba zan rantse ba tunda ban ga injin ba. A abin da na gani, wadda ba ta asali ba takan bar gurɓataccen abu a ma'ajiya, kuma toshewar na farawa ne bayan watanni, lokacin da kowa ya manta an sauya. Ku koma ta asali kafin layin ya zama uku. Wajen saye ku duba lambar da ke jikin kwalin tsohuwar, don tawadar 8570 an raba ta yanki-yanki, ta Amurka daban, ta Turai daban, kuma injin kan ƙi wadda ba tasa ba.

In wata rana ya nuna lamba, kada ka fassara ta da jerin da na ba Malama a sama. ColorQube ta zo da nata tsarin lambobin, sai a nemi littafin gyara na 8570 ɗin kansa.

Tambaya: Malam, ni matashi ne, ina son buɗe shagon buga katin gayyata da satifiket a Illela. An yi mani tayin irin wannan firinta da arha ƙwarai, kuma na ga kalarta na da kyau. In saya?

Amsa: Ƙanena, kyan kala gaskiya ne, tana fito da launi mai sheƙi ko a kan takarda mai arha. Amma ni ba zan ba ka shawarar saye ba. Kamfanin Tektronix ne ya fara fito da firintocinsa masu tawada dunƙule-dunƙule a 1991, Xerox ta sayi sashen a 2000, kuma wajen 2016 ta daina fitar da sababbi. Duk wadda za a sayar maka yau tsohuwa ce, kayan gyaranta sai an ciro daga wata matacciya, tawada sai an yi oda. Sannan sana'ar da ka zaɓa ba ta jituwa da ita. Tawadar a saman takarda take zama, farce na kankare ta, biro ba ya kama ta da kyau in za a sa hannu a kan wuri mai launi, kuma satifiket sai an yi masa laminatin, zafin injin laminatin kuwa na iya narkar da ita hoton ya baje. Katin biki da aka manta a gaban mota da rana ma ba ya tsira.

In ka nace, kada ka biya sai an kunna ta daga sanyi a gabanka ta kai ga shirin bugu ba tare da lamba ba. A buga shafin gwajin hujoji ka ƙirga guraben da suka ɓace, a duba sauran kwanan rolar mai, wadda ƙaramarta shafi 10,000 take yi babbar 30,000, ka karanta takardar da ke manne a bayan injin ka tabbatar ta wuta 220 ce. Bayan an gama gwajin, ka zauna ka jira minti 30 ɗin nan kafin a sa ta a mota zuwa Illela.